Digirin tarihi da alli: a yanke shawara tun kafin aji huɗu

Duk wanda ke karanta tarihi a jami'ar Bayero, ko Ahmadu Bello, ko Usmanu Ɗanfodiyo ya gaji da tambayar nan ta dangi: "To idan ka gama, me za ka zama?" Amsar da aka fi bayarwa ita ce jakada, musamman yanzu da sassa da yawa suka ƙara wa sunansu "da nazarin hulɗar ƙasa da ƙasa". Wani ya ce zai koma ya karanta lauya. Da wuya ka ji wanda ya ce malamin makaranta. Amma bayan wasu shekaru, da yawa daga cikinsu a gaban allo ake samunsu, sun shiga aikin ne bayan sun gaji da yawon kai takardu ofis-ofis, babu horo, babu shaidar koyarwa, ransu kuma yana wani wuri.

Ra'ayina shi ne koyarwa ita ce hanya mafi faɗi da ke gaban mai digirin tarihi a Najeriya yau, kuma babu abin kunya a cikinta. Abin da ke lalata ta shi ne yadda ake faɗawa cikinta bisa dole. Wanda zai koyar ya san haka tun yana aji biyu ko uku, ya shirya takardunsa da hannunsa. Wanda ba zai iya ba, shi ma ya sani da wuri, ya nemi wata hanya, ya bar wa yaran mutane wanda yake so.

Akwai dalilin da ya sa maganar ta fi nauyi yanzu. Daga zangon karatu na 2009/2010 aka daina koyar da tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa a matakin ilimin farko, ɗan abin da ya rage aka cusa shi cikin darasin zamantakewa. A babbar sakandare ya zama na zaɓi, ɗalibai kuwa suka karkata ga darasin gwamnati, don ana ganin ya fi sauƙin ci a WAEC da JAMB. Ƙungiyar Masana Tarihi ta Najeriya, wadda aka kafa tun 1955, ta sha fama kafin a saurare ta. A 2018 aka ƙaddamar da sabuwar manhaja. A watan Nuwamba 2022 gwamnatin tarayya ta fara horar da malamai 3,700, wato ɗari daga kowace jiha da Abuja. A Satumba 2025 Ma'aikatar Ilimi ta sanar da cewa tarihin Najeriya wajibi ne daga aji ɗaya na firamare zuwa aji uku na ƙaramar sakandare.

A yi lissafin ɗari ɗin nan. Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44. Idan aka raba malamai ɗari, kowace ƙaramar hukuma ba ta samu uku ba. Sama da shekara goma ana yaye malaman firamare waɗanda su kansu ba su zauna ajin tarihi ba. Giɓin a fili yake. Sai dai ɗalibi kada ya ruɗu: manhaja ba takardar ɗaukar aiki ba ce. Abuja ce ke rubuta manhaja, amma jihohi ne ke ɗaukar malaman firamare ta hannun hukumar ilimin matakin farko ta jiha, SUBEB, na sakandare kuma ta hukumomin makarantun sakandare. Abin da ya fi sauƙi ga shugaban makarantar da ba a turo masa malami ba shi ne ya miƙa darasin ga malamin zamantakewa ko na addini, ya ce a yi haƙuri a riƙa. A nan ne nake ganin gwamnatocin jihohi ke da babban alhaki. Idan ba a fitar da gurbi da sunan malamin tarihi ba, an dawo da darasin ne a takarda kawai.

Sauran hanyoyin fa? Suna nan, amma a san faɗinsu. Aikin jakadanci ta Hukumar Ɗaukar Ma'aikatan Tarayya ake shiga, guraben kaɗan ne, ana raba su tsakanin jihohi, kuma masu digirin kimiyyar siyasa da lauya da Faransanci duk suna layi ɗaya da kai. Wanda yake son wannan da gaske, harshe na biyu zai fi yi masa amfani fiye da dogon sunan da ke kan digirinsa. Lauya a matsayin digiri na biyu yana nufin shiga aji biyu kai tsaye, shekara huɗu, sannan shekara guda a Makarantar Horar da Lauyoyi. Shekara biyar ke nan babu albashi, a tambayi aljihun gida tukuna. Kwastan da Shige da Fice da Sibil Difens da aikin soja na masu digiri suna karɓar fannoni da yawa, amma suna da iyakar shekaru, kuma a nan ne 'yan damfara masu sayar da gurbin aiki suka fi cin kasuwa. Aikin jarida ya dace da mai tarihi ƙwarai, domin bin diddigin magana da tantance majiya shi ne abin da aka koya masa, sai dai gidajen rediyo da jaridu abin da ka riga ka rubuta suke dubawa, don haka a fara tun ana makaranta.

Akwai kuma gidajen tarihi kansu: Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, da Arewa House da aka kafa a 1970, da Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da gidan adana kayan tarihi na Jos. Aiki ne mai daraja, amma ma'aikatan kowane wuri ba su da yawa, kuma akan daɗe ba a ɗauki sababbi ba. Duk ɗaliban da sashe ɗaya ke yayewa a shekara sun fi ƙarfin guraben.

Koyarwa a jami'a ita ce burin masu ƙoƙari, kuma a nan ne lissafin maki yake da zafi. A ma'aunin maki biyar, daraja ta ɗaya daga 4.50 take farawa, babbar daraja ta biyu daga 3.50, ƙaramar daraja ta biyu daga 2.40. Jami'o'i kan ɗauki mataimakin malami ne daga rukuni biyu na sama. Wanda ya gama aji uku da 2.90, ko da ya ci 4.50 a shekarar ƙarshe, idan nauyin darussan shekarun ya yi daidai, 3.30 zai tsaya. Tun ran gini tun ran zane: makin aji ɗaya da aji biyu, lokacin da ake ganin wasa ne, shi ke yanke wannan hukunci. Bayan haka sai digiri na biyu, sannan na digirgir, wanda idan babu shi akwai matakin da ba a wucewa. Tallafin karatu na TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, na waɗanda suka riga suka zama ma'aikatan makarantun gaba da sakandare ne, ba na mai neman shiga ba. A kuma sa yajin aiki cikin lissafi: na ASUU a 2022 wata takwas ya ci.

Mu dawo kan sakandare da firamare, inda yawancin guraben suke. Kuskuren farko shi ne zaton digirin tarihi ya isa. A dokance bai isa ba. Hukumar Rajistar Malamai, TRCN, wadda aka kafa da dokar 1993, ba ta yi wa mutum rajista sai yana da shaidar koyarwa: NCE, ko digirin da aka haɗa da ilimin koyarwa, ko diflomar koyarwa ta bayan digiri, wato PGDE. Ga wanda yake aji ɗaya ko biyu kuma ya tabbata koyarwa zai yi, hanya mafi arha ita ce ya nemi canji zuwa tsangayar ilimi, ya yi digirin tarihi haɗe da koyarwa, ya fito da komai a shekara huɗu. Ga wanda ya wuce nan, sai PGDE, a jami'a ko a Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, NTI, mai hedikwata a Kaduna da cibiyoyin karatu a jihohi. Takan ɗauki kamar shekara guda ko fiye kaɗan, da gwajin koyarwa na makonni a wata makaranta, da ɗan bincike. Yawancin wuraren suna neman takardar kammala bautar ƙasa, saboda haka a fara tara kuɗinta daga alawus, a nema da zarar an cire kaki. Bayan ta sai jarrabawar TRCN, wadda ake yi a kwamfuta, a kan dabarun koyarwa da sauran abubuwan da ake son malami ya sani. Tarihi ba ya cikin abin da za ta tambaye ka, kuma nan ne masu ji da kansu ke tuntuɓe. Kwalejojin ilimi ma suna neman shaidar koyarwa daga malamansu, don haka diflomar ba ta ɓaci ko ga mai hangen sama.

Maganar kuɗi ba a ɓoye ta. Mai digiri yana shiga aikin gwamnati a mataki na 8, mai NCE a mataki na 7. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun Yuli 2024, amma abin da ke shiga asusun malami ya danganta da jiharsa, kuma na firamare, da albashinsu ke fitowa daga kason ƙananan hukumomi, su ne suka fi shan jinkiri. Makarantun tarayya sun fi tabbas. Dokar 2022 ta kai shekarun ritayar malamai zuwa 65, ko shekara 40 a bakin aiki, a tambaya ko jihar da za a yi wa aiki ta fara amfani da ita. An yi alkawarin tsarin albashi na musamman ga malamai a ranar malamai ta 2020. Shawarata, duk abin da ba a gani a takardar albashi ba, kada a yi kasafin aure da shi.

Makarantu masu zaman kansu su ne suka fi saurin ɗauka, su ne kuma suka fi bambanta. Ɗan bautar ƙasa yana karɓar naira 77,000 a wata tun 2025, kuma ba abin mamaki ba ne makarantar da ya yi wa hidima ta ce za ta riƙe shi a kan abin da bai kai haka ba. Dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ƙananan makarantu da yawa kuwa a nan suke. Kafin a karɓi aiki a nemi amsa a rubuce: ana biyan albashi a dogon hutu? Darasi nawa a mako, kuma fanni nawa? Domin wanda aka ɗauka don tarihi yakan wayi gari yana koyar da gwamnati da zamantakewa da Turanci. Ana cire kuɗin fansho, kuma ana zuba shi a asusun da ke ɗauke da sunanka? A ƙarƙashin dokar fansho ta 2014 ma'aikaci yana ba da kashi 8 cikin ɗari, wanda ya ɗauke shi aiki kuma kashi 10. Wanda aka cire masa ba a zuba ba, sai bayan shekaru yake ganewa.

Duk wannan takarda ce da kuɗi. Abin da ke nuna ko mutum zai iya shi ne minti 40 na cikin aji. Minti biyar na farko suna tafiya a shigowa da tsawatarwa, biyar na ƙarshe a tambaya da aikin gida. Saura 30. Sabon malami yakan zo da abin da ya kwafa a laccar jami'a, ya juya wa yara baya, ya cika allo, su kwafa, ƙararrawa ta kaɗa. Ya gama manhaja a kan lokaci, amma babu yaron da ya yi tunani ko sau ɗaya, kuma wannan salon ne tun farko ya sa aka ɗauki tarihi haddar sunayen sarakuna da shekaru.

Darasin tarihi da tambaya guda ake gina shi. A ɗauki faɗuwar Kano a watan Fabrairu 1903. Maimakon a rubuta shekarar a ja mata layi, a tambayi aji: birni mai ganuwa irin wannan, yaya aka ci shi a yini ɗaya? Sai a ba su abubuwa huɗu a allo. Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato da manyan mayaƙansa. Turawa sun zo da igwa da bindiga mai ruwa. Yawancin sojojin da suka kawo harin baƙaƙen fata ne, da Hausawa a cikinsu, hafsoshin ne kawai Turawa. Shekara goma kafin nan garin ya faɗa yaƙin basasa tsakanin Tukurawa, magoya bayan Sarki Tukur, da Yusufawa, magoya bayan Yusufu. A raba yara rukuni-rukuni, a ba su minti goma su jera dalilan daga mafi nauyi, kowane rukuni ya kare jerinsa. Minti goma na gardama, sannan minti goma na rubuta layi shida ko bakwai. Yaron da ya yi musu a kan igwa da basasa ba zai manta 1903 ba, ko da ba a ce ya haddace ba.

Haka labarin Bayajidda. Malami mai rauni ko dai ya ba da shi kamar yana wurin lokacin da aka kashe macijiya a rijiyar Kusugu, ko ya yi watsi da shi ya ce tatsuniya ce. Wanda ya san aikinsa zai tambaya: su wa ke riƙe da labarin, me yake bayyanawa game da matsayin Daura a tsakanin garuruwan Hausa, kuma me ya sa ya zo da sauyi daga sarautar mata zuwa ta maza? Ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare zai iya wannan tunanin idan an yi masa tambayar da harshen da yake ji.

Yawan yara shi ne abin da ba a faɗa wa mai gwajin koyarwa da kyau. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, 40 a babbar sakandare. A makarantun gwamnati na manyan biranen Arewa ninkin haka ba baƙon abu ba ne. A ce kana da aji shida, kowanne da yara 80. Takarda 480 ke nan a kowace jarrabawa. Minti biyar a kan kowacce, awa 40 cur, mako guda na aiki ba tare da an shiga aji ba. Shi ya sa malamai ke gudu zuwa tambayoyin zaɓi-ɗaya zalla, daga nan kuma yara su isa WAEC ba su taɓa rubuta amsa mai sakin layi uku ba. Maganin da ke aiki shi ne tambayar rubutu guda ɗaya tak, da tsarin ba da maki da aka rubuta tun kafin a ga takardar kowa, da karɓar aikin aji ɗaya a kowane mako maimakon duka a lokaci guda.

Sannan akwai wuraren da ke da ƙaya. Jihadin 1804, a ajin da ke da jikokin Gobirawa da na Fulani da 'ya'yan ƙabilun da aka kai wa hari. Bauta da cinikin bayi a cikin ƙasar Hausa kanta. Juyin mulkin Janairu 1966, da na Yuli, da kashe-kashen da suka biyo baya, da yaƙin 1967 zuwa 1970. A Kaduna ko Jos ko Sabon Garin Kano, kalma ɗaya ta malami tana iya isa gida kafin shi. Wasu sukan ce a bar kaza cikin gashinta, su tsallake babin. Ban yarda ba, domin yaron zai je ya koya a TikTok daga bakin wanda ba ya tsoron Allah. Abin yi shi ne malami ya tsaya kan abin da ya tabbata, ya kawo yadda ɓangarori biyu suka ba da labari, ya hana a nuna wani yaro a ce "ku ne", ya raba darasi da wa'azi, ya kuma sanar da shugaban makaranta tun kafin makon ya zo. Wanda ya san zuciyarsa ba za ta bar shi ya faɗi laifin nasa ɓangaren ba, wannan aikin zai wahalar da shi, shi ma zai wahalar da yara.

Shekarar bautar ƙasa ita ce gwaji mafi arha, tunda yawancin masu digirin fannin adabi da tarihi makaranta ake tura su. Maimakon neman a canza wuri, a karɓi aji, a rubuta tsarin darasi kowane mako, a nemi tsohon malami ya zauna a baya ya faɗi gaskiya. Bayan zango biyu mutum zai san ko gajiyar da yake ji ta jiki ce ko ta rai.

Kafin nan akwai kundin kammala digiri, wanda ɗalibai da yawa ke ɗauka kamar harajin fita. Shi ne abu ɗaya da za ka iya ajiyewa a gaban mai ɗaukar aiki ka ce ni na yi. A zaɓi abu ƙarami: kasuwa ɗaya, sana'a ɗaya, gunduma ɗaya a cikin shekara talatin. A je Kaduna a nemi fayilolin lardi, irin su KANOPROF da SOKPROF da ZARPROF, musamman rahotannin da Di'o-Di'o, wato jami'an mulkin Turawa, suka rubuta lokacin ƙiyasin haraji da jangali, waɗanda ke cike da sunayen ƙauyuka da yawan mutane da sana'o'i. A karanta su da sanin cewa mai rubutun haraji ya zo nema, kuma ta bakin tafinta ya ji. A yi hira da dattawa, a rubuta suna da shekaru da wuri da rana, a tambayi mutum uku abu ɗaya ba a zama ɗaya ba, domin idan aka haɗa su, bakin babba kowa zai bi. Wanda ya yi makarantar allo kuma yana karanta ajami da Larabci yana riƙe da abin da yawancin abokan karatunsa ba su da shi: wasiƙun sarakuna da rajistar kotunan alƙalai na zamanin En'e suna nan jibge, masu iya karanta su kaɗan ne. Irin wannan kundin yana zama darasi uku ko huɗu na tarihin gari a ranar da aka ba ka aji, yana kuma zama tushen digiri na biyu idan makin ya kai. A ɗauki hoton kowace takarda da lambar fayil ɗinta a jiki, a ajiye kwafi a wuri biyu, domin waya tana ɓata, kuma takardar da ta haura shekara ɗari ba lallai ka same ta yadda ka bar ta ba idan ka koma.